Hajiyarmu na tsayawa cak idan an yi mata magana tana tafiya

Ummu_Khalil_Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure. Mahaifiyarmu shekararta 74, tana zaune da mu a nan Agege tun bayan rasuwar Baba. Da daminar nan ta faɗi a tsakar gida, Allah ya taƙaita, ƙujewa ce a gwiwa da targaɗe a hannu. Muka riƙa kai ta gashi. Da hannun ya warke sai ma'aikaciyar ta ce mu dinga sa ta tafiya a cikin gida tana ƙirge, ko ana yi mata tambayoyi tana amsawa ba tare da ta tsaya ba. Wai ta lura duk lokacin da aka yi wa Hajiya magana tana cikin tafiya, sai ta ja ta tsaya cak, sai ta gama ba da amsa sannan ta ci gaba.

Ni dai abin bai kwanta mini ba. Tsohuwar da ke tangaɗi ai kamata ya yi a ce ta yi shiru ta dubi gabanta, ba a ƙara raba mata hankali ba. Yayanmu ma cewa ya yi kar a soma. Akwai wanda ya taɓa jin irin wannan?

Ɗan_Mile12:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ni ina bayan Yaya. A Legas ɗin nan ko saurayi ya ɗauke ido daga ƙasa sai ya tsinci kansa a kwata, balle tsohuwa. Ku samo mata sanda mai kyau, ku hana ta fita ita kaɗai, magana ta ƙare.

Bintu_Obalende:
Amin. Amma tsayawa idan an yi maka magana ai ladabi ne a wurinmu. Kakata ba ta taɓa amsa gaisuwa tana tafiya ba, sai ta tsaya ta juyo. Kada a mai da tarbiyya ta zama ciwo.

Fisiyo_IdiAraba:
Anti Ummu Khalil, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri bisa kula da mahaifiya. Aikina ke nan, kuma abin da abokiyar aikin tawa ta gaya muku yana da tushe.

Mu da muke da ƙuruciya muna tafiya ba tare da mun sa hankali a kai ba, ƙafa na aikinta, baki na nasa. Idan shekaru suka ja, gani ya ragu, tafin ƙafa ya daina jin ƙasa sosai, naman cinya ya saki, sai ƙwaƙwalwa ta koma tana lura da kowane taku. To idan aka ƙara mata wani aikin, kamar amsa tambaya, sai ƙarfin ya kasa. Kamar ƙaramin janareto ne da ke ɗauke da fanka da fitila lafiya lau, ana jona dutsen guga sai ya shaƙe. Wani tsohon sai ya tsaya. Wani ba ya tsayawa, sai takunsa ya gajarce, ƙafa ta daina ɗaguwa sosai, ya yi tuntuɓe da abin da bai kai ya ka da shi ba.

A 1997 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani ɗan gajeren bincike daga ƙasar Suwidin, na Lundin-Olsson da abokan aikinta. Sun raka tsofaffi 58 suna tafiya, suka ja su da hira. Mutum 12 suka tsaya da aka fara magana. A cikin wata 6, 10 daga cikin 12 ɗin nan sun faɗi. Tun daga nan masu irin aikinmu suke ɗaukar wannan tsayawar a matsayin alama.

Malama Bintu, maganarki gaskiya ce, akwai tsayawar girmamawa. Yadda ake bambancewa: ba gaisuwar baƙo ba, a'a, jikanta na gefenta suna tafe, ya tambaye ta me za a dafa yau. Idan nan ma sai ta tsaya kafin ta iya amsawa, to ba ladabi ba ne.

Ummu_Khalil_Agege:
Wallahi haka take yi, ko Khalil ne ya tambaye ta ina makullin ɗaki. To amma har yanzu tambayata na nan, Malam. Idan raba hankali ne ke kawo faɗuwa, me ya sa za mu raba mata shi da gangan?

Fisiyo_IdiAraba:
Saboda ko kun hana a gida, duniya ba za ta hana ba. Za a yi sallama tana ɗauke da buta. Waya za ta yi ƙara tana kan matakala. A hanyar masallaci mai keke zai danna mata ham, wata ta kira sunanta daga shago. Ba za ku iya yi wa Agege shiru ba. Gara jikinta ya saba da haɗa abu biyu a falo, kina gefenta, bango na kusa, da a ce karon farko ya same ta a bakin kwata.

Amma a fahimce ni. Horo daban, zaman yau da kullum daban. A wajen horo muna so ta yi tafiya tana magana. A kan titi kuwa, idan waya ta yi ƙara, ta samu gefe ta tsaya ta amsa. Babu saɓani a nan.

Alhaji_MaiGoro68:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ma ina cikin waɗanda ake magana a kansu. Shekarata 68, fiye da rabinsu a Legas na yi. Ɗan Mile 12, ɗana, ka ce a hana ta fita. Ka san abin da hakan ke yi wa mutum? Abokina da muke zama rumfa ɗaya ya faɗi sau ɗaya a banɗaki, bai ma ji ciwo ba. 'Ya'yansa saboda ƙauna suka ce kar ya ƙara zuwa kasuwa, kar ya je jam'i, komai a kawo masa. Kafin shekara ta zagayo ba ya iya tashi daga kujera sai an kama shi. Ba faɗuwar ce ta kwantar da shi ba, zaman ne. Duk lokacin da na je gaishe shi sai in fito zuciyata ba daɗi, don mutum ne da da ƙafa yake zagaye kasuwa tun asuba.

Idan kuna son mu, ku bar mu mu motsa. Ku tsaya kusa, amma kar ku ɗaure mu.

Ɗan_Mile12:
Allah ya huci zuciyarka Baba, ba nufina ke nan ba. Tsoro ne. Na ga yadda karayar ƙugu ta yi da ƙanwar kakata, ba ta sake takawa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Nas_Hauwa_Ikeja:
Tsoronka na kan hanya, kuma Baba Alhaji ma ya faɗi gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa. Idan aka cire haɗarin mota, babu tsautsayin da ya fi faɗuwa kisa, kuma sama da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe irin namu ne. Waɗanda suka haura 60 su suka fi yawa a ciki. A cikin masu shekara 65 zuwa sama, kusan 1 cikin 3 na faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara.

Ni abin da nake so Anti Ummu Khalil ta fara yi kafin ma a zo ga ƙirge: ki tattara duk magungunan Hajiya a leda, har da waɗanda aka sayo a kemis da na gargajiya, ki kai wa likitanta ya duba. Maganin barci irin su diazepam da Lexotan suna sa tsoho layi, kuma da yawa daga iyayenmu na shan su ba tare da likita ya rubuta ba. Wasu magungunan hawan jini kan sa jini ya sauka idan mutum ya miƙe farat ɗaya, sai ya ga duhu-duhu. Ban ce a daina sha ba, don Allah kar wanda ya dakatar da maganin hawan jini da kansa. Likita ne zai gyara. Sannan ta saba da zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ta miƙe, musamman tashin asuba da fitsarin dare.

A kuma duba idonta. Yanar ido ta ka da tsofaffi da yawa, alhali aikinta ba ya ɗaukar lokaci.

Sani_Tela_Mushin:
Ni fa a ganina duk wannan bayani an bar babban mai laifi, wato tayil. Kowa ya samu kuɗi sai ya shimfiɗa tayil mai sheƙi har banɗaki. Ruwa kaɗan ya zuba ya zama tarko. Ga silifas ɗin roba da gindinsa ya cinye. Ga ɗauke wuta da dare. A gidan hayarmu banɗaki ɗaya ne a can ƙarshen layi, ƙasa kullum a jiƙe, gansakuka ta kama gefe. Tsoho zai fito ƙarfe 3 na dare da buta a hannu ɗaya, tocilar waya a ɗaya hannun. Wane ƙirge ne zai cece shi?

Bintu_Obalende:
Wannan haka yake. Wurin alwalar masallatai ma abin dubawa ne. A ɓangaren mata na masallacin unguwarmu sai ka riƙe bango kake wucewa.

Injiniya_Ojo:
Malam Sani, gyaran ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Mai walda zai yi maka ƙarfen riƙewa a kafa a bangon banɗaki, a dai tabbatar an ɗaure shi da kyau cikin bulo, ba a jikin tayil kawai ba. A sa tabarmar roba mai kama ƙasa. Fitila mai caji a rataye ta a hanyar banɗaki don hannu ya zama a sake. Ledar ɗaki da bakinta ya naɗe a yanke ko a manne. Wayar caji da ke ratsa tsakar ɗaki a ɗauke. Kuma takalmi mai rufe diddige ya fi silifas nesa ba kusa ba.

Fisiyo_IdiAraba:
Duk na yarda, kuma misalin Malam Sani ma ai shi ne maganar tamu: buta a hannu, tocila a hannu, barci a ido, ana neman hanya. Abu nawa ke nan a lokaci guda?

Kada kuma a ɗauka ƙirgen shi kaɗai ne magani. Abin da bincike ya fi tabbatarwa wajen rage faɗuwa shi ne atisayen ƙarfin ƙafa da na daidaita tsayuwa. Akwai tsarin da aka fitar a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan, ana yin sa a gida sau 3 a mako tare da tattaki, ya rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin 100. A 2019 kuma ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya tana tantancewa, ta haɗa bincike 108, ta samu motsa jiki na rage yawan faɗuwa da kashi 23 cikin 100. Horon haɗa aiki biyu ana ɗora shi ne a kan wannan. Yana gyara saurin tafiya da daidaiton taku lokacin da hankali ya rabu, amma ba ya maye gurbin ƙarfin cinya.

Ga yadda nake bi da marasa lafiyata. Da farko tashi da zama daga kujera mai ƙarfi da aka jingina da bango. Sai ɗaga diddige ana riƙe da bayan kujera. Sai tsayuwa ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, diddige na taɓa yatsu. Sai tafiya gefe-gefe a jikin bango. Idan waɗannan sun zauna, sannan a shigo da na biyun: tana tafiya tana jero sunayen jikoki, ko watannin Musulunci, ko kayan miya. In ta ƙware, a ƙara nauyi: ƙirge daga 50 zuwa ƙasa, daga baya ana rage uku-uku. Sai ɗaukar kofi da ruwa rabi. Wani lokaci ki ce mata "Hajiya yanzu ki fi kula da ƙafa", wani lokaci "yanzu ki fi kula da lissafin". Wannan sauyawar tana koya wa ƙwaƙwalwa inda za ta karkata idan abu ya taso. Minti 10 zuwa 15 ya isa a farko. Mai rakiya ya tsaya a gefe, ɗan baya kaɗan. In ta ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi sama, a tsaya nan take.

Direban_Tirela_Apapa:
Mahaifina tsohon direba ne, lissafi ba ya burge shi. Sai na ce ya jero mini garuruwan hanya daga nan zuwa Kano yana tafiya: Ibadan, Oyo, Ogbomosho, Ilori, Jebba, Mokwa, har gida. In ya kai sai ya juyo da su daga Kano zuwa Legas. Dawowar ce ke ba shi aiki, nan za ka ga takun ya rage. Yanzu shi yake kirana in zo mu yi.

Malam_Idi_AlabaRago:
Tambaya gare ka Malam Fisiyo. Iyayenmu da yawa suna tafiya da carbi suna zikiri. Wannan bai wadatar ba?

Sannan ga 'yan'uwa masu cewa faɗuwa ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kuma tsohon da jiri ke ɗibarsa idan ya ɗago daga sujada, addini ya ba shi sauƙi. Hadisin Imrana ɗan Husaini na cikin Buhari: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe. Kar kunyar mutane ta sa dattijo ya faɗi a sahu.

Fisiyo_IdiAraba:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Zikiri alheri ne, a ci gaba. Sai dai abin da harshe ya haddace shekara da shekaru ba ya jan hankali da yawa, yana fita ne da kansa. Horon na buƙatar abin da zai sa mutum ya ɗan yi tunani, kamar dawowar da direba ya faɗa. Ita sallar kanta, ga wanda zai iya, tashi da zaman da ke cikinta na taimakon cinya da gwiwa.

Alhaji_MaiGoro68:
Abu ɗaya zan ƙara, don na ga ana ta tsara mana jadawali. Yadda za a faɗa mana ya fi abin da za a faɗa muhimmanci. In ɗana ya tsaya a kaina yana cewa "Baba ƙirga daga 50", zan ji kamar an mai da ni ɗan firamare, kuma ba zan yi ba. Amma jikata in ta zo da tsokana ta ce "Alhaji na ci ka tara in ka kasa jero 'ya'yan Inna Mairo da jikokinta kafin mu kai ƙofa", ai da gudu zan tashi. Wasan jika da kaka da muka gada, ku yi amfani da shi. Sai dai babba ya kasance a wurin, don yaro ba zai iya tare babban mutum ba in ya tafi.

Ummu_Khalil_Agege:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kamar ka san Hajiya. Ranar da na gwada ce mata ta ƙirga, kallon da ta yi mini ya isa. Da Khalil kuwa sai su wuni suna faɗan wasa, tana ce masa mijin da ba ya cefane. Na tura wa Yaya duk bayanan nan. Ya ce ya yarda da maganar magunguna da ƙarfen banɗaki, amma ta tafiya da kofin ruwa har yanzu bai gamsu ba, wai in ruwan ya zube ai shi ne santsin.

Injiniya_Ojo:
Yaya ya kawo magana. A yi a kan siminti ko kafet mana, ba kan tayil ba.

Fisiyo_IdiAraba:
Ko a sa wake ko shinkafa a faranti maimakon ruwa. Kuma wannan matakin na can gaba ne, ba na makon farko ba.

Don Yaya ya gani da idonsa, ku yi wannan gwajin. Kujera mai hannu, a auna mita 3 a yi alama a ƙasa. Ta tashi, ta je alamar da tafiyarta ta kullum, ta juyo, ta dawo ta zauna, ana duba agogo. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, wato CDC, na ɗaukar daƙiƙa 12 ko fiye a matsayin alamar haɗarin faɗuwa. Ku sake yi tana jero sunaye, ku ga bambancin. Ku rubuta, bayan wata 2 ku maimaita. Ku kai wa mai yi mata gashi sakamakon, ita ta ga Hajiya da idonta, ta fi ni sanin abin da jikinta zai ɗauka.

Garba_Ijora:
Ni shawarata daban ce. Tsoho in ya kai wannan shekarun a mai da shi gida Arewa. Ƙasa a shimfiɗe, tsakar gida rairayi, ba bene, ba gadar sama, ba danfo. Legas ba garin tsufa ba ne.

Bintu_Obalende:
Malam Garba, a mai da ita wurin wa? Wasu iyayen namu a nan aka haife su. Hausawa sun fi shekara 100 a Agege. Kuma wadda 'ya'yanta duk suna nan, in ka kai ta ƙauye ka raba ta da masu kula da ita da asibitin da ta saba. A can ma ana faɗuwa, a bakin rijiya, a dokin ƙofa.

Garba_Ijora:
Ban musa ba. Amma ki hau gadar tsallake titi da tsohuwa sau ɗaya ki gani.

Nas_Hauwa_Ikeja:
Tunda Ɗan Mile 12 ya ambaci karayar ƙugu, kar a wuce ta. Idan tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafa, yana jin ciwo a ƙugu ko matsematsi, ko kuka ga ƙafar ta gajarce ta juya waje, kar a ja, kar a murza, kar a ce bari a ga gobe. A kai shi a ɗauki hoto. Asibitin ƙashi na Igbobi na nan kan titin Ikorodu, ga asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. Na san mutanenmu sun yarda da masu ɗori, amma wannan karayar tana can ciki ne inda kara da tsumma ba sa kaiwa, kuma yawanci aiki take buƙata da wuri. Doguwar kwanciya ce ke jawo gyambon baya, ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa.

Haka in kai ya bugu. Ko ya tashi garau, a sa ido. In bayan kwanaki ko makonni ya fara ruɗewa, yawan barci, ciwon kai, ko ɓari ɗaya ya yi rauni, jini ne kan iya taruwa a hankali a cikin kai, musamman ga mai shan maganin tsinka jini. A garzaya asibiti.

Sani_Tela_Mushin:
Masu ɗori dai sun yi wa mutane da yawa rana, Anti Nas, kar a yi musu kuɗin goro.

Nas_Hauwa_Ikeja:
Ban raina kowa ba Malam Sani. Ƙugun tsoho nake magana, a fara ɗaukar hoto tukuna.

Maman_Ihsan_Ketu:
Yanzu na shigo na karanta tun daga sama. Nawa ya ɗan bambanta da na Ummu Khalil. Surukina ne, yana da ciwon suga, kwanan nan kuma mantuwa ta fara yi masa yawa. Silifas kan fita daga ƙafarsa bai sani ba. Shi ba ya tsayawa in an yi masa magana, ci gaba yake yi yana jan ƙafa, sau da yawa sai ya dafa bango. Shi ma a sa shi ƙirgen? Ina tsoron kar mu ruɗa shi.

Fisiyo_IdiAraba:
Maman Ihsan, a'a, kar ku fara masa ƙirge tukuna. Silifas da ke fita bai ji ba alama ce suga ta taɓa jijiyoyin ƙafa, sai an duba tafin ƙafar an kuma ga yadda sugan yake. Jan ƙafa tare da mantuwa kuma likita ya kamata ya gani, don akwai cututtuka fiye da ɗaya da ke zuwa a haka, wasunsu ana samun sauƙinsu da magani. Kafin nan, idan yana tafiya a rage yi masa magana, a bari ya zauna, kuma a sauya masa takalmi mai rufe diddige. Hannunsa na karkarwa in yana zaune? Fitsari na kufce masa? Kuma tun yaushe kuka fara lura da jan ƙafar, kafin mantuwar ko bayanta?